Madarar cakulan a kan hanya: ta wane gari ce ta zauna muku a baki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu yawan tafiya a cikinmu. Ni duk garin da saro kaya ya kai ni, kafin in nemi shinkafa ko nama, madarar cakulan ɗin garin nake fara cigiya. Ina nufin wadda aka riga aka haɗa aka rufe a kwali ko kwalba ko leda, wadda yaran garin suka tashi suna sha. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan bi ta Kwatano da Lome in shiga Accra, daga nan in wuce Kumasi. Me zan nema, kuma a ina? Waɗanda suka sha ta wasu ƙasashe su ma su ba mu labari. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ko'ina madara ce da garin koko da sukari, amma ban taɓa samun ta ƙasashe biyu da ɗanɗanonsu ya zo ɗaya ba.

Alhaji Ɗanlami Kumasi:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo ki lafiya. Ba sai kin wahalar da kanki da cigiya ba, ita za ta same ki. Tun daga Lome za ki fara jin hon ɗin masu keke, fam-fam, fam-fam, da akwatin sanyi a gaba. Ki tsayar da ɗaya ki ce FanChoco. Leda ce 'yar madaidaiciya, a daskare take kamar dutse.

Amma akwai yadda ake shan ta, baƙi da yawa ba su sani ba. Kada ki ciji bakin ledar nan take. Ki riƙe ta a tafin hannu kina murzawa, kina juyawa, har ta fara laushi ta gefe. Sannan ki ciji kusurwa ɗaya ƙanƙanuwa. Idan kika yi gaggawa, zaƙin da cakulan ɗin ne za su fara fitowa ki tsotse su duka, a bar ki da farar ƙanƙara marar ɗanɗano a ƙarshe. Idan kika murza ta da kyau kuwa, daga farko har ƙarshe kaurinta ɗaya. A tsakiyar kasuwar Kejetia ta Kumasi da azahar, rana tana dukan ka, ban san abin da ya kai ta ba.

Sadiq Gwammaja:
Baba Alhaji, da girmanka, amma wannan ai ƙanƙara ce. Anti madara ta tambaya. Abin da sai an tsotsa ba ya cikin lissafi.

Alhaji Ɗanlami Kumasi:
Ɗana, bar ta a aljihu minti goma ka ga ko ba madara za ka tarar ba. Daskarar da ita aka yi saboda mai keken zai wuni a rana ba wuta ba firji. Dabarar ke nan tun farko.

Sadiq Gwammaja:
To na ji. Amma ga wata. Anti ta ce ta garin take so. Fan Milk ɗin nan, kamfanin da ke yin FanChoco, wani ɗan ƙasar Denmark ne ya kafa shi, Erik Emborg, a 1960, yanzu kuma yana hannun Danone na Faransa. A Najeriya ma muna da shi, masana'antarsu tana Ibadan. Ta ina ya zama na Ghana?

Alhaji Ɗanlami Kumasi:
Ni na sha ta ina saurayi, 'ya'yana sun sha, jikokina suna sha. A Ghana ake yin ta, yaran da ke tuƙa kekunan namu ne, da yawansu ma daga arewacin ƙasar suka sauko. Wanda ke da hannun jari a Paris bai taɓa shiga tsakanina da ledar nan ba. Ka tambayi duk ɗan Ghana da ke zaune a Turai abin da yake kewa, ka ji ko ba zai ambace ta ba.

Maman Ilham:
Ni ina bayan Baba Alhaji a nan. Da zan bi diddigin mai kamfani, da babu abin da zan sha a ko'ina. Ma'aunina shi ne, idan na tambayi yaron shago ko direban tasi "wacce kuke sha kuna yara?" sunan da ya fito daga bakinsa ba tare da tunani ba, ita ce ta garin.

Hajiya Turai:
Ƙanwata, ke da kike zuwa Umra ai kin san ta Saudiyya. Ni dai Almarai. Amma iri biyu ce, mutane suna haɗa su. Akwai ta kwali da ake jerawa a kanta ba firji, mai wata da watanni. Akwai kuma ta roba da ke cikin firji, wadda kwanakinta kaɗan ne. Ta robar nake nufi. A Madina bayan isha'i, idan an fito daga Harami ƙafafu sun gaji, sai in tsaya a ƙaramin shago in ɗauki ɗaya mai sanyi da burodi, shi ke nan abincin darena. Tana da santsi a harshe, kuma kina jin ƙamshin madarar kanta a ƙarƙashin cakulan ɗin. Jikokina kuwa ta kwalin suka fi so, don ita ake iya zubo musu a jaka.

Maman Ilham:
Wallahi Yaya Turai kin taɓo inda nake so a je. Na lura da wannan bambancin, kamfani ɗaya, suna ɗaya, amma ta firji daban ta kanta daban. Na ɗauka sanyi ne kawai, sai na saka ta kwalin a firji ta kwana, duk da haka ba ta kamo ta ba.

Nafisa Wageningen:
Anti, ba za ta kamo ta ba, don tun a masana'anta suka rabu. Bari in ɗan yi bayani tunda fannin da nake karanta ke nan.

Ta firjin nan ana ɗumama ta ne zuwa maki 72 a ma'aunin zafi na Celsius na tsawon daƙiƙa 15, a kashe ƙwayoyin cuta masu illa, a sanyaya ta nan da nan. Madarar ba ta dahu ba, shi ya sa ɗanɗanonta na asali yake nan, shi ya sa kuma ba ta daɗewa. Ta kwalin kuwa ana kai ta maki 135 ko sama da haka na 'yan daƙiƙoƙi, a zuba a kwalin da aka tsabtace a rufe ruf. Wannan zafin yana taɓa furotin da sukarin da ke cikin madarar, sai ta ɗauki ɗan ɗanɗanon dafaffiyar madara. Wasu ma shi suke so.

Na biyu, kuma a ganina shi ne babba, ita madarar daga ina ta fito? A nan Holan da Denmark da Saudiyya, daga nonon saniya take tafiya masana'anta a tanka. A yawancin Afirka ta Yamma kuwa madarar gari ake shigowa da ita a buhu, a jiƙa ta da ruwa. Sau da yawa ma an riga an cire man shanun tun a can, an maye gurbinsa da man kayan lambu, galibi na kwakwar manja, don ya fi araha. Idan kika duba bayan leda ko gwangwani kika ga an rubuta man kayan lambu a jerin kayan haɗi, to shi ne. Ba guba ba ne, amma a baki ba ɗaya suke ba. Man shanu yana narkewa ya bar santsi, wancan kuwa yakan bar ɗan maiƙo a dasashi.

Na uku, garin koko ba ya narkewa a madara yadda sukari ke yi, yawo kawai yake a ciki, idan aka ajiye ya kwanta a ƙasa. Don haka kamfanoni da yawa suke saka wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, a jikin kwali za ki ga an rubuta E407. Shi ke riƙe garin ya hana shi kwanciya, shi ne kuma ke ba ta kaurin nan.

Tamu ta nan Chocomel ce, mai rawayan kwali, tun shekarun 1930 ake yin ta. Mai kauri ce sosai. Da hunturu ana dafa ta a ɗora mata kirim a kai. Kuma kamfanin da ke yin ta, FrieslandCampina, shi ne dai mai madarar Peak da muka tashi da ita.

Injiniya Bashir:
Ƙanwata Nafisa Allah ya ƙara ilimi, kin warware mini wani abu. Aiki ya taɓa zaunar da ni a Esbjerg, wani gari a gaɓar tekun yammacin Denmark, kuma can ne gidan Cocio, tun 1951. Kwalbar gilashi ce. Idan ka ɗauko ta daga firji za ka ga ƙasan kwalbar ya yi baƙi-baƙi, garin koko ya kwanta kamar yatsa guda, sama kuma ta yi haske. Sai ka juya ta ka girgiza har launin ya haɗe. Kayan haɗinta uku ne kacal, madara, sukari, koko. Yanzu na gane dalilin kwanciyar, babu abin da zai riƙe garin. Ba ta da kauri ko kaɗan, tana wucewa a maƙogwaro kamar ruwa, amma tana barin wani ɗanɗano kamar na sukarin da ya ɗan soyu, don a cikin kwalbar ake dafa ta bayan an rufe.

Su mutanen can da tsiren nan nasu mai tsawo da ake sawa a burodi suke haɗa ta, a 'yan rumfunan bakin titi. Naman alade ne galibi, don haka ni kwalbar kawai nake saya in yi gaba. Duk abin da na sha a Turai ita ce ta ɗaya a wurina. Kamfanin yana ƙarƙashin Arla, masu madarar Dano.

Nafisa Wageningen:
Yaya Bashir, a nan za mu raba hanya. Na sha Cocio, a bakina ta yi ruwa-ruwa. Madarar cakulan ai sai ta kama harshe.

Injiniya Bashir:
Ke kika gaya mana yanzu cewa kaurin na ciyawar teku ne. Ni na fi son in ji madara da koko su kaɗai.

Usman KL:
Salam. Ni zan kawo wadda Anti ta cire tun farko, a yi haƙuri. A Malesiya idan ka tambayi yaron shago abin da ya sha yana yaro, Milo zai ce maka, kuma ba wasa yake ba. Har mota ce ke zuwa makarantu ranar wasanni tana raba shi da sanyi a ƙananan kofuna, manya har yau suna maganar Milon motar nan. A shagunan mamak, na Musulmi 'yan asalin Indiya da ke buɗe har tsakar dare, za ka ce "Milo ais" a kawo maka da ƙanƙara da madara mai kauri ta gwangwani. Akwai kuma wanda suke kira Milo dinosaur, a cika kofi sannan a tula garin Milo busasshe a kai, kana sha kana tauna. In ba ka son zaƙi ya yi yawa sai ka ce "kurang manis". Kuma ɗanɗanonsa ba irin namu na gida ba ne, kowace ƙasa da yadda ake haɗa nata. Asalinsa dai daga Ostireliya ne, 1934.

Ta kwalba kuwa akwai Farm Fresh, kamfanin ƙasar ne mai shanunsa, da Dutch Lady. Sauƙin Malesiya shi ne tambarin halal na hukumar JAKIM yana jikin kusan komai, ba ka tsayawa dogon karatu a gaban firji.

Malam Habu Maraɗi:
Assalamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama, kuma Usman ya buɗe mini ƙofa. Ni direba ne, Maraɗi, Zinder, Yamai, wani lokaci Kano ta Jibiya. A tashoshinmu abin da za a miƙo maka ta taga mai sanyi solani ne, nono mai zaƙi a leda. Madarar cakulan ta kwali sai manyan kantuna, kuma daga waje take zuwa.

Amma Hajiya, ina ganin kin tsallake namu. Mai shayi fa? Ka zo tasha da asuba, sanyi yana kaɗawa, ka ce a yi maka mai kauri. Ya ɗebi garin cakulan cokali uku ya zuba a kofi, ya huda gwangwanin madara ya tsiyaya, ya ɗebo tafasasshen ruwa daga tukunyar da ke kan garwashi. Sannan ya ɗauki kofi biyu, ya ɗaga ɗaya sama da kansa ya sheƙo cikin ɗayan, ya mayar, ya sake, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa, har kumfa ta taso ta rufe baki. Ya miƙo maka da burodi. In ba madarar cakulan ba ce wannan, mece ce? Kuma kowane gari da hannunsa. Na Zinder ba ya yi kamar na Katsina, burodin ma daban.

Maman Ilham:
Malam Habu, Allah ya tsare hanya. Ban raina mai shayi ba wallahi, ni ma ina aika yara su karɓo mini. Sai dai shi hannun mutum ɗaya ne, yau ya yi daidai, gobe ɗan'uwansa ne a teburin. Abin da nake bi a ta kwalba shi ne, ƙasa guda ta yarda cewa ga yadda madarar cakulan take, yaro a wannan gari da yaro a wancan gari abu ɗaya suke sha. Kana kurɓa ka san irin zaƙin da mutanen suke so da irin madarar da suke da ita.

Malam Habu Maraɗi:
To ai mu ma mun yarda a kan abu ɗaya, daga Agadez har Zariya: ta yi zafi, ta yi kauri, ta yi kumfa. Ba a kwalba muka zuba yardar ba kawai.

Sadiq Gwammaja:
Wannan magana ta Malam Habu ta shige ni.

Dakta Sa'adatu:
Jama'a sannunku. Ba zan ɓata muku hira ba, amma abu biyu.

Na farko sukari. Yawancin irin waɗannan suna ɗauke da wajen giram 10 a kowace mililita 100, kusan rabi na madarar ne na halitta, sauran ƙari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, in ya tsaya a 25 ya fi. Matafiyi ya sha ɗaya don marmari ba komai. Abin da nake gani a asibiti shi ne yaron da ake saka wa kwali biyu a jakar makaranta kullum da sunan ana ba shi madara, haƙora duk sun rube. Masu ciwon sukari kuma sun san kansu.

Na biyu, wanda ya fi shafar Maman Ilham, ta leda mai ƙanƙara. Idan ta narke aka sake daskarar da ita, nan matsala take. Ki duba siffarta. Wadda ba ta taɓa narkewa ba a shimfiɗe take daidai. Wadda ta narke za ki ga ta taru a gefe ɗaya, ko launin ya rabu, duhu a ƙasa fari a sama. Ledar da ta kumbura ko kwalin da ya yi ciki, ki mayar. Na taɓa sayen wata a wani shago a kan hanya inda ashe wuta ta daɗe da ɗaukewa, daren nan ban runtsa ba, ga tafiya a gabana da safe.

Akwai kuma waɗanda cikinsu ba ya karɓar ɗanyar madara ko da lafiyarta ƙalau, amma suna shan nono da kindirmo ba abin da ke samun su. In kina cikinsu kada ki gwada sabon abu ana gobe za ki shiga doguwar mota.

Maman Ilham:
Na gode Dakta, wannan na siffar leda ban san shi ba. Cikina dai Alhamdu lillahi yana karɓa.

Kabiru Akure:
Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Shekara da shekaru ina harkar goro a nan ƙasar Ondo, kuma gonakin goro da na koko a haɗe suke, sau da yawa gona ɗaya ce. Kun taɓa ganin ɗan koko a buɗe? A jikin kututturen bishiyar yake fitowa, ya yi kamar gwanda mai tsaga-tsaga, in ya nuna ya koma rawaya. A fasa shi da adda, ciki 'ya'ya ne lulluɓe da farin abu mai yauƙi, ka tsotsa ka ji zaƙi da tsami, ko kusa babu ƙamshin cakulan. Sai an tara su an rufe da ganyen ayaba kusan mako guda sun yi zafi sun gumu, sannan a shanya a rana, wani lokaci har a gefen kwalta. A lokacin ne ƙamshin yake fara fitowa, gari duk ya ɗauka.

Daga nan sai buhu, sai tirela, sai tashar jirgin ruwa a Legas. Manomin da na fi sabawa da shi, dattijo ne, ya ce mini bai taɓa shan abin da ake yi da shi ba in ban da abin da jikarsa ke dama masa daga gwangwani. Da kuɗin koko aka gina dogon benen nan Cocoa House a Ibadan a 1965. A 2024 farashin tan guda ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, mun ga yadda mutane suka koma gonakin da suka yi watsi da su. Ghana da Kwaddibuwa su biyu suna noma wajen rabin kokon duniya, a Afirka mu da Kamaru muna biye. Amma cikin sunayen da kuka yaba a sama, Almarai da Chocomel da Cocio duk na ƙasashen da ba sa noman koko ne.

Alhaji Ɗanlami Kumasi:
Malam Kabiru ka faɗi gaskiya, amma Ghana ta ɗan yi ƙoƙari. Akwai masana'antar sarrafa koko a Tema, masu cakulan ɗin Golden Tree, suna yin garin koko zalla mai suna Royale, ba sukari ba komai. Ranar 14 ga Fabrairu ma a nan ranar cakulan ce ta ƙasa. Hajiya, in kin samu sarari daga Accra ki hau Mampong ta Akuapem, gonar Tetteh Quarshie tana nan, mutumin da ya kawo irin daga tsibirin Fernando Po a 1879. Ana buɗe wa baƙi ɗan koko su ɗanɗana.

Buba Ngaundare:
Malam Kabiru ya yi kukan koko, bari in yi na madara. Mu a nan Adamawa ta Kamaru shanu ba a magana. Da damina madara har ta yi yawa, mata su fito da ita tun safe, wadda ba a saya ba kafin rana ta take sai a mayar da ita nono, don ba inda za a ajiye. Da rani kuma saniya ta ba ka lita ɗaya ka gode Allah. Kamfani yana son a kawo masa adadi ɗaya kullum, a wuri ɗaya, da sanyinta. Rugage suna nesa, hanya ba kyau, ba wuta. Shi ya sa buhun madarar gari ya fi masa sauƙi. A kantunanmu garin cakulan Matinal na kamfanin Chococam ne ake damawa da safe, kokon na ƙasa ne, amma mafi yawan gidajen birni da madarar gari suke haɗa shi, alhali ga shanu a bayan gari.

Abin da Hajiya Turai ta faɗa ne ya tsaya mini. Saudiyya hamada ce, amma suna da ɗanyar madara a kowane shago.

Injiniya Bashir:
Kuɗi suka zuba, Malam Buba. Almarai tun 1977 take. Shanun Turai ne a rumfuna a yankin Al-Kharj, ana fesa musu ruwa ana kunna musu fanka, ciyawar ma har daga gonakin da suka saya a Ajantina da Amurka ake kawowa. Sannan motocin sanyi suna zagaye ƙasar kullum. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne sanyin nan da ba ya yankewa daga ruga har shago.

Anti Rabi Kaduna:
Tun jiya nake bin ku ban ce komai ba, don na tafi gwadawa. Ina da mai kawo mini madarar shanu daga ruga da sassafe, kuma akwai ragowar garin koko zalla da na saya don kek. Na tafasa lita ɗaya, na sauke. Na zuba garin cokali biyu da sukari cokali biyu a kofi, na ɗiga madara mai zafi kaɗan na dama har ya zama kamar kwaɓin ƙosai ba gudaji, sannan na juye a tukunyar na burga da maburgi, na saka gishiri ɗan mitsitsi. Na bar ta ta huce, na sa a firji ta kwana.

Da safe garin ya kwanta a ƙasa yadda Injiniya ya faɗa, maiƙo kuma ya taru a sama. Na girgiza na zuba wa yara. Babban ya ce ta fi ta kanti, ƙaramar ta ce ba zaƙi kuma tana ƙamshin ruga, ta ajiye kofin. Ni dai ban taɓa shan mai nauyin wannan ba, rabin kofi ya ishe ni. Akwai ɗan ɗaci-ɗaci da tsami a ƙarshe wanda ban saba ji ba.

Nafisa Wageningen:
Anti Rabi sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika tafasa, don ɗanyar madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar nan da ke sa su ɓari. Tsamin da kika ji na garin ne. Koko zalla haka yake. Wanda yawancin kamfanoni ke amfani da shi an sarrafa shi da wani sinadari mai kashe tsami, dabarar da ta fito daga gidan Van Houten na Amsterdam, waɗanda suka ƙirƙiro injin matse man koko a 1828. Shi ya sa nasu ya fi duhu kuma ya fi laushi a baki. Ki gwada barin garin ya ɗan tafasa tare da madarar minti biyu, zai rage. Maiƙon kuma a masana'anta ana farfasa shi da inji ya bi jikin madarar, a gida sai dai ki yaɗe rabinsa kafin ki haɗa, nauyin zai ragu, ƙamshin da ƙaramar ta ƙi ma zai ragu.

Buba Ngaundare:
A'a 'yata, kada ta yaɗe. Shanunmu madararsu kaɗan ce amma mai ce da ita, in an cire man me ya rage? Ƙamshin da yarinyar ta ji daga ƙwaryar tatsa ne, ana yi mata hayaƙi don kada madara ta yi saurin tsinkewa. Hajiya Rabi, ki ba mai kawo miki roba mai murfi wadda kika wanke da ruwan zafi, ki ce a tatsa a ciki kai tsaye, kuma ta safe za a kawo miki ba wadda ta kwana ba. In ta yi miki nauyi ki sha kaɗan.

Anti Rabi Kaduna:
To zan raba gida biyu ranar Asabar, rabi yadda Nafisa ta ce rabi yadda Malam Buba ya ce, in ba yaran ba tare da na gaya musu ba. Malam Kabiru, ana samun garin a Akure wanda aka niƙa a nan gida? Nawa ya kusa ƙarewa.

Kabiru Akure:
Ana samu Hajiya, akwai masu sarrafawa a jihar. Motar goronmu tana tashi zuwa arewa duk mako, ta Kaduna take bi. Ki yi mini magana ta gefe in sa a sako miki, amma ki tanadi kwalba mai murfi, don yana saurin ɗaukar warin duk abin da ke kusa da shi.